Fijo Mai Buɗaɗɗen Kai a Bayan Kasuwar Dembe

Duk mazaunin Injamena ya san Dembe, ko da bai taɓa sayen allura a can ba. Nan kasuwa take, nan motocin kudu suke lodi zuwa Mundu da Sar, nan kuma makanikai da masu walda da masu sayar da tsofaffin kayan mota suka baje kolinsu a bakin hanya. Da rani ƙura ce, da damina kuwa taɓo ne mai kama takalmi. Harshen ciniki shi ne Larabcin Cadi, sai Faransanci da Ngambai, Hausa kuma ba a rasa ta a rumfunan kayan mota, tun da yake tun da daɗewa daga Maiduguri da Kano yawancin kayan suke shigowa ta Gamboru da Kuseri.

Sana'ar makanikin Dembe ita ce hana mota mutuwa. In abu ya lalace ya cire shi, in babu irinsa ya ɗauko na wata mota ya sassaƙa ya ɗaura, da la'asar mai mota ya kama hanya. Da wannan hikima aka riƙe sufurin ƙasar nan shekaru da dama, ba mu raina ta ba. Sai dai akwai motar da wannan hikimar ita ce ajalinta, kuma labarin irin wannan mota muka kawo muku a wannan wata.

Motar Peugeot 404 ce, wadda kowa ya sani da Fijo, amma ba irin ta tasi ko akori-kura ba. Ƙofa biyu gare ta, rufinta na tamfol ne mai naɗewa, irin da Faransawa ke ce wa cabriolet. A bayan katangar wani gareji take, an ɗora ta kan bulo, tamfol ya yage saura ƙashin rufin, kaji sun mai da kujerar baya akurki. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka saye ta. Ba mu kaɗai muka taya ba: akwai mai sayen ƙarfe da kilo, akwai kuma wani da ya so a yanke bayanta a yi masa akori-kurar ɗaukar gawayi.

Cinikin bai ba mu wuya kamar takardu ba. Mai motar ya rasu, ta zama kayan gado, kuma motar gado ba a sayenta a hannun magaji ɗaya, komai girmansa a gidan. Mun jira sai da magada duka suka sa hannu a gaban shaidu, sannan kuɗi ya fita. Takardar motar, wato carte grise, tana ɗauke da sunan Fort-Lamy, Fallomi a bakin iyayenmu, ke nan an yi mata rajista kafin a sauya wa birnin suna a 1973. Wannan 'yar takarda ba ƙaramin abu ba ce. A yaƙin 1979 da na 1980 mutanen birnin nan da yawa sun ƙetare ruwa zuwa Kuseri da abin da hannu zai iya ɗauka, motoci da takardu suka salwanta. Tsohuwar motar da lambarta ta jiki ta yi daidai da ta takarda, a garin nan ta cancanci a cire mata hula.

Daga nan sai karatun mota, domin mota ma ana karanta ta. Wanda ya saba da motocin zamani zai nemi doguwar lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17, ba zai same ta ba, don sai a 1981 wannan tsari ya kankama. Lambar 404 alƙaluma bakwai ce, tana kan wani ɗan allon ƙarfe a ƙarƙashin bonet, an kuma buga ta a jikin motar kanta. Allo ana iya cire shi daga wata mota a manna, saboda haka sai an kankare fenti da maiko an ga ta jiki, an gwada biyun da ta takarda. Tamu uku sun zo ɗaya.

Tarihin wannan samfuri ga shi a taƙaice. An fito da 404 a 1960, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta. Mai buɗaɗɗen kan an nuna ta a bajekolin motoci na Paris a 1961, aka ci gaba da ƙera ta har 1968. A Turin ake haɗa jikinta, sannan a kai shi Sochaux a Faransa a sa inji da sauran kaya. Dubu goma da 'yan ɗaruruwa kawai aka ƙera, alhali jimlar 404 a duniya ta haura miliyan biyu da dubu ɗari takwas, har da waɗanda aka harhaɗa a Kaduna daga 1975, da na Kenya da suka kai 1991. Fuskar motar ma tana faɗin shekarunta: a ƙarshen 1966 aka ƙara mata fitilu biyu a cikin ragar gaba, suka zama huɗu. Tamu mai huɗu ce, ke nan tsakanin 1966 da 1968 ta fito. Ainihin ranar kuwa za mu tambayi gidan tarihin Peugeot da ke Sochaux, wanda aka buɗe a 1988, domin suna ba da takardar shaidar ranar ƙira in an aika musu da lamba.

A bayan motar an rubuta Injection. Wannan na nufin ta fito da famfon fesa mai na Kugelfischer, ƙirar Jamus, wanda Peugeot ta fara sa wa 404 a 1962. Da muka buɗe bonet sai muka tarar da kafireto na Solex, lambar injin kuma ta wata mota ce dabam. Ba mu zargi kowa ba. Famfon nan ba ya shiri da man kwalba na bakin hanya mai ruwa da yashi, ranar da ya tsaya kuma makaniken lokacin ya yi abin da ya iya, motar ta ƙara shekaru tana yawo. Sa'ar da muka yi, an jefa tsohon famfon a but, yana nan cikin tsumma.

To, a nan ne lissafin motar nan ya sha bamban da na sauran Fijo. Duk abin da ke juyawa a cikinta ɗan gida ne. Injin nan mai 1618 cc, wanda aka kwantar da shi gefe guda, da giyarsa huɗu ta jikin sitiyari, da kayan ƙafa, duk irin na 404 ta kowa ne, kuma silindarsa riga ce da ake zarewa a sa sabuwa. Abin da Dembe ta rasa, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba za su rasa ba. Amma duk abin da ido ke gani baƙo ne. Ƙofofi, fukafukai, bonet, murfin but, gilashin gaba, ƙashin rufi, babu ɗaya da na tasi zai hau. In gilashin gaba ya fashe, sai dai daga Turai, a biya da yuro, kowane ɗaya sefa 656 kafin a zo maganar jirgi da kwastan. Shi ya sa abu na farko da muka yi shi ne cire gilashin, muka naɗe shi da katifa, muka kai ɗaki muka kulle. Yaran gareji sun yi mana dariya, sun ce ga masu gadin gilashi sun bar inji a waje.

Jikin shi ne babbar damuwa. Mutane suna cewa mota ba ta tsatsa a Cadi. A Faya wataƙila. A Injamena kuwa, inda ruwa ke kwanciya kan laka daga Yuli zuwa Satumba, inda ambaliyar 2022 ta cinye unguwanni, motar da rufinta ya yage kwano ce kawai. Kuma 404 ba ta da shasi dabam, jikin ne yake ɗauke da kansa. Mai rufin ƙarfe tana samun ƙarfi daga rufin, mai tamfol kuwa duk nauyin yana kan ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi. In sun ruɓe motar takan lanƙwashe a tsakiya, alamar ita ce ƙofa ta ƙi rufuwa in an ɗaga mota da jak. Ƙofar direba ta tamu ta ƙi.

Saboda haka mun yi sharaɗi da mai gyaran jiki, wanda nan ake ce wa toliye, a Kano fanabita. Ba zai yanka ko taƙi ɗaya ba sai ya walda bututun ƙarfe a bakin ƙofofin biyu da tsakanin gefe da gefe, motar ta tsaya a siffarta. Zai yanke ruɓaɓɓen wuri ya sa sabon ƙarfe, ba zai cike rami da mastik ba. Da farko ya ji haushi, ya ce shekara talatin yana wannan aiki ba a taɓa koya masa ba. Da ya ga yadda ƙofar ta zauna daidai bayan an tokare jikin, sai ya kira yaransa su zo su gani. Biyansa kuma da wata muka yi, ba da kwangila ba, don mai kwangila sauri yake yi.

Akwai wani gargaɗi ga duk mai tsohuwar 404, ba mai irin tamu kaɗai ba. Aksul ɗin baya na yawancinsu ba irin na sauran motoci ba ne: wani murɗaɗɗen ƙarfe ne yake juya faifan tagulla, kuma Peugeot ta keɓe masa man da aka yi da zurman. Ba a gauraya shi da man giya na kasuwa. Kafin a zuba komai sai a tsiyaye na ciki, a wanke, a duba haƙoran tagullar.

Tsarinmu ke nan: jiki tukuna, sannan birki da waya, sannan inji. Za mu bar kafireton yadda yake har motar ta tashi, famfon Kugelfischer kuwa sai mun tara abin aika shi wurin masu gyaransa a Turai, don a nan ba mu yarda a buɗe shi ba. Fenti a ƙarshe, kuma ba cikin hunturu ba, lokacin da ƙura ke sauka kan komai. Kalar asali mun same ta a ƙarƙashin robar but, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba, fara ce mai ɗan duhu. Tamfol ɗin madinkan kujerun mota na Dembe za su iya, muddin ba a jefar da yagaggen ba, domin shi ne ma'auni.

Wani dattijo a garejin ya tambaye mu, wa zai hau mota ba rufi a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40? Muka ce masa, Baba, Disamba da Janairu da yamma, a bakin Shari. Ya ce wata biyu ke nan cikin sha biyu. Mun ƙiyasta aikin jiki kaɗai zai ci rani biyu, kuma kafin damina mai zuwa dole mu ɗaga motar kan dakali mu yi mata rumfar kwano.