Wutar Rana A Ɗakin Gona, Bakin Kogin Chanchaga

Jihar Neja ita ake yi wa kirari da gidan wutar lantarki, kuma ba a banza ba. Madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, ta Jebba a 1985, ta Shiroro a 1990, ga kuma ta Zungeru da aka kammala a 2023. Amma wutar nan bisa manyan wayoyi take tafiya, ba ta saukowa sai inda aka kafa turaku da taransifoma. Wanda yake nesa da waɗannan, kusancinsa da madatsa bai tsinana masa komai ba.

Haka abin ya kasance ga wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Minna. Da ya yi ritaya sai ya sayi fili a bakin kogin Chanchaga, can bayan gari, ya gina ɗaki biyu da rufin kwano, yana noman doya da kiwon kaji. Da janareto yake lallaɓawa har ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka kusan sau uku. Nan ya ƙudura zai sa ragowar giratutinsa a wutar sola. Uwargida ba ta so ba, domin kuɗin nan su aka tanada saboda auren autarsu. Ta ce, "Malam, in abin ya lalace fa?" Bai sami amsar ba ta ba.

Saurayin da aka kirawo ya yi aikin bai fara hawa rufi ba, takarda da biro ya nema. Ya ce, "Baba, a faɗa mini duk abin da za a kunna, da awa nawa." Ƙwai huɗu masu wat 10, awa biyar, wat 200 ke nan. Fanka mai wat 60, awa takwas, 480. Aka ƙara rediyo da cajin waya da ƙwan ɗakin kaji, lissafi ya doshi 1,000. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar 2,400, to amma irin na dalma ba a shan fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu tun kwanansa bai kai ba. Watau 1,200 ne kaɗai nasa. Da dattijon ya kawo maganar dutsen guga, sai yaron ya yi murmushi ya ce, "Baba, wannan sai dai na gawayi."

A nan ne mutane da yawa suke yin asara. Idonsu yana kan farantin da ke ƙyalli a rufi, alhali kuwa batir shi ne mai cin kuɗi, shi ne kuma mai saurin mutuwa. Faranti mai kyau ya kan shekara 20 yana aiki, batirin dalma kuwa 'yan shekaru ne. Na litiyam ya fi jurewa, sai dai tsada, kuma aljihun dattijon bai kai can ba.

Aka kafa faranti biyu suna fuskantar kudu, an ɗan karkata su don ruwan sama ya riƙa wanke su. Aka haɗa na'urar daidaita caji da inbata, aka ajiye batir a inuwa, domin zafin Minna na watan Maris maƙiyinsa ne.

A ƙauyen Rokota na ƙaramar hukumar Edati, inda aka buɗe tashar sola ta gari guda a 2019, kamfani ne yake ɗauke wa jama'a wannan kulawa. Mai gida ɗaya a daji kuwa shi ne injiniya, shi ne maigadi. Da hunturu ƙura ta kan lulluɓe gilashin, caji ya ragu, sai dattijon ya jingina tsani kowace safiya ya hau da tsumma da ruwa, uwargida tana riƙe masa ƙafar tsanin tana faɗa.

Agusta ta fi wuya. Hadari ya kan kwana uku bai yaye ba, batir ya kasa cika. A irin daren nan sai ya kashe fanka da rediyo, ya bar ƙwan ɗakin kaji shi kaɗai, su kuma su kwana da tocila. Auren autar an ɗaga shi zuwa bayan an sayar da doya.