Kalma ta biyu a sunan bishiya

A takardun malaman gona da jikin buhun iri, sunan tsiro kalma biyu ne, kuma a karkace ake rubuta shi. Ta farko sunan dangi ce. Ta biyu galibi siffa ce ta harshen Latin. Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya daidaita wannan tsari a littafinsa na 1753, kuma har yau a kansa ake tafiya.

Ni kalma ta biyun ce ke tsayar da ni, domin tana nuna abin da ya fara ɗaukar idon mai raɗa sunan. Kuka ita ce Adansonia digitata, wato mai yatsu. Duk wanda ya taɓa tsinko ɗanyen ganyenta ya san an yi gaskiya: 'yan ganyaye biyar, wani lokaci bakwai, suna fita daga gindi ɗaya kamar buɗaɗɗen hannu. Zogale kuwa oleifera ne, mai ɗauke da mai, saboda ƙwayarsa, alhali mu ganyen muke dafawa mu kwaɗa da ƙuli-ƙuli.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta gawo. Faidherbia albida aka ce, mai fari-fari, don kalar ƙananan rassansa. Farin yana nan, ba a yi ƙarya ba. Amma ka tambayi manomi a ƙasar Damagaram ko Katsina, ba farin zai fara ambata ba. Zai ce gawo ne ke kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana, ya sake tofowa da rani lokacin da kowace bishiya ta yi tsirara, 'ya'yansa su ciyar da awaki, ƙasar gindinsa ta fi ko'ina albarka. Wannan sai wanda ya shekara tare da bishiyar. Masu raɗa suna da yawa busasshen reshe suke dubawa, manne a takarda, a wani ɗaki a Turai.

Tsamiya ma Linnaeus ya kira ta indica, ta Indiya, ga shi masana na ganin asalinta Afirka ne. Ƙa'idar masana tsirrai ba ta yarda a sauya suna don kawai ma'anarsa ta kauce ba. Sunan da aka fara bugawa bisa ƙa'ida shi ke zama, don haka ɗalibin aikin gona a Samaru zai ci gaba da rubuta Tamarindus indica.