Abota Ko Soyayya? Wani Dare A G.R.A. Ta Katsina

Hausawa kan ce tuna baya shi ne roƙo. To, ni yau baya zan tuna, amma ba roƙon kowa zan yi ba, sai dai na roƙi mai karatu ya ba ni aron hankalinsa, in ba shi labarin wani dare da muka taru don mu kalli fim ɗin Indiya, sai ya zamana mu masu kallon mu ne muka koma abin kallo.

Abin ya faru ne cikin damina ta shekarar 1999, ina ɗan shekara goma sha bakwai. Gidanmu yana cikin birni, wajen Ƙofar Ƙaura, amma kowane hutu akan tura ni gidan kawuna da ke G.R.A., watau unguwar nan da Turawan mulki suka keɓe wa kansu a wajen ganuwa, wadda manyan ma'aikata suka gada bayan 1960, ta kuma daɗa cika bayan da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987. Ga wanda ya saba da lungu da zaure, unguwar nan wata duniya ce dabam. Tituna a miƙe, itatuwan darbejiya, waɗanda mu Katsinawa muke ce wa bedi, sun yi sahu, ba ka jin motsin kowa sai kukan kurciya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina kuwa shi ne falon kawu, inda akwatin talabijin da na bidiyo suke zaune bisa kanta, an lulluɓe su da ƙyalle mai ado.

Ran nan da la'asar sai direban gidan ya shigo da kaset da ya karɓo haya a cikin gari, ya ce wannan shi ne fim ɗin da ake yayi, sunansa Kuch Kuch Hota Hai. Ya ce shi sau huɗu ya gan shi, kuma a shirye yake ya ƙara. Daga baya ne na san cewa an fito da fim ɗin a Indiya ran 16 ga Oktoba, 1998, kuma shi ne na farko da Karan Johar ya shirya, yana da shekara 26 kacal. Shah Rukh Khan da Kajol da Rani Mukerji su ne taurarinsa, Salman Khan kuma ya shigo daga baya. Ya ci kambun Filmfare guda 8.

Kada mai karatu ya yi mamakin yadda ɗan Katsina ya ɗauki fim ɗin Bambai kamar nasa. Tun cikin shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya gidajen silima na Arewa, har Mother India na 1957 ya zama abin da iyayenmu suka taso da shi. Sabo ya kai har an raɗa wa 'yan wasan sunayen Hausa: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Wani Bature mai suna Brian Larkin, wanda ya zauna Kano yana nazarin al'amarin, ya nuna a 1997 cewa abin da ya ja Bahaushe shi ne ya ga mutane masu kunya da girmama iyaye suna fama da irin damuwarsa, musamman rikicin da ke tsakanin zaɓin zuciya da zaɓin iyaye.

Bayan sallar isha'i muka hallara. Kaka tana kan darduma da carbinta, ta ce ita ba kallo ta zo ba, iskar fanka ta zo sha. Hajiya matar kawu tana kan kujera, yara sun baje a ƙasa, direba ya tsuguna bakin ƙofa don shi ne tafinta. Kawu yana riƙe da jarida kamar ba ruwansa. A gefe guda kuma ga wana, wanda ya zo hutu daga jami'a a Zariya, ga kuma babbar 'yar kawu, wadda nake ce wa Yaya, an sa ranar aurenta da wani ma'aikacin banki bayan damina.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Rahul da Anjali ɗalibai ne a kwaleji guda, aminan juna, kullum suna faɗa a filin ƙwallon kwando, ita tana cewa ya yi maguɗi, shi yana tsokanarta. Gashinta a yanke yake, shigarta ta maza. Sai ga Tina, 'yar shugaban kwalejin, ta dawo daga Ingila, Rahul ya kamu da sonta. A daidai lokacin ne Anjali ta gane cewa abin da ke zuciyarta ya wuce abota, amma ta haɗiye, ta hau jirgin ƙasa ta bar makarantar. Rahul ya auri Tina, ita kuwa ta rasu bayan haihuwa, ta bar wa jaririyar wasiƙu 8, kowace shekara a ba ta ɗaya. A cikin ta takwas ta ɗora wa yarinyar nauyin nemo Anjali ta haɗa ta da ubanta. Alhali kuwa a lokacin an riga an yi wa Anjali baiko da wani mai suna Aman.

Da farko falon dariya kawai ake yi. Da shugaban kwalejin ya shiga rawar jiki gaban malamar nan mai iyayi, har kawu sai da ya sauke jarida. Sa'an nan Kaka, wadda ta ce ba kallo ta zo ba, ta dubi Rahul da Anjali suna cacar baki, ta ce, "Waɗannan taubasai ne ko?"

Direba ya ce, "A'a Hajiya Kaka, abokai ne."

Ta ce, "Abokai kamar ƙaƙa? Namiji da ɗiya mace? Kai dai ba ka ji Indiyancin da kyau ba."

Muka fashe da dariya, amma da na girma na karanci harshe sai na ga tsohuwar nan ta taɓo babbar magana. A Hausa namiji yana da aboki, mace tana da ƙawa, kowanne kuma yana iya samun amini ko aminiya daga cikin jinsinsa. Ƙawance ma har da ƙa'idojinsa da musayar kyauta, kamar yadda Baba ta Karo ta bayyana wa Mary Smith a littafin da aka buga a 1954. Amma in ka ce "abokiya" sai an jira ka ƙarasa: ta karatu ce, ko ta aiki, ko ta wasa, ko kuwa abokiyar zama, watau kishiya? In ba ka ƙarasa ba, kowa zai ɗauka budurwa kake nufi kana jin kunya. Ƙofa ɗaya tak al'ada ta buɗe wa saurayi da budurwa su yi wasa da tsokana a gaban manya ba tare da an ɗaga gira ba, ita ce ta taubasantaka, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, masu bin juna kuɗin shara a watan Cika-ciki. Kuma kowa ya sani daga wannan wasa ne auren zumunci yakan tsiro. Ashe Kaka ta fassara fim ɗin fiye da direba.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, a cikin falon nan akwai taubasai biyu da ba su yi dariya ba. Wana a gidan kawu ya tashi tun yana firamare. Shi da Yaya tare suke tafiya makaranta, tare suke faɗa a kan keke da ludo, ita ke wanke masa kaya in ya yi lalaci, shi ke yi mata lissafi. Da ya tafi Zariya ya samu wata 'yar ajinsu, Yaya ya fara kawo wa hotonta, ya ce ta taya shi dubawa. Ta ce ta yi kyau. Bayan wata uku ta amsa wa ma'aikacin banki.

Da aka zo wurin jirgin ƙasa, inda Anjali ke tsaye bakin ƙofar tarago Rahul yana bin jirgin da gudu, sai aka ɗauke wuta. Yara suka yi ihu, maigadi ya tafi tayar da janareto. Cikin duhun nan na ji wani yana jan hanci a hankali kusa da ni. Da haske ya dawo sai na ga Yaya ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta ce mura ke damunta. Hajiya ta dube ta, ta kau da kai. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska, amma ranar ba wanda ya tambaya.

Aka ci gaba. Wurin da ya fi burge Kaka shi ne inda ƙaramar yarinyar ta ji an kusa ɗaura auren Anjali, ta yafa mayafi ta ɗaga hannu tana addu'a irin ta Musulmi, nan take kuwa aka bugo waya cewa an ɗaga bikin. Kaka ta ce, "Allahu Akbar! Addu'ar maraya ba ta faɗuwa ƙasa." Hajiya kuwa abin da ta yaba shi ne yadda Anjali ta girma ta tara gashi, ta ɗaura sari, ta natsu. Ta ce, "Yauwa, yanzu ta zama mace."

A ƙarshe, ranar ɗaurin aure, Aman ya ga hawayen amaryarsa, ya kama hannunta ya kai ta gaban Rahul, ya janye. Yara suka yi tafi, direba ya share ƙwalla karo na biyar. Nan fa gardama ta kaure. Kawu ya naɗe jarida ya ce shi bai ga abin tafi ba. Ya ce shari'a ta hana mutum ya shiga neman aure cikin neman ɗan'uwansa, alkawari kuma kaya ne, da a Katsina ne aka yi haka da dangi biyu sun rabu har jikoki. Hajiya ta ce, "Alhaji, ai gara a fasa a ƙofar gida da a fasa a gaban alƙali." Kaka ta ce ita duk cikinsu mutum ɗaya ta gani, shi ne wanda ya haƙura, shi kuwa wancan mai tsalle-tsalle bai san abin da yake so ba, sai da matarsa ta mutu ta nuna masa daga kabari. Wana ya ce, yana dariya, fim ne kawai, a zahiri abota dabam, soyayya dabam, shi bai ga yadda za a yi mutum ya rikita su ba. Yaya ta tashi ta kwashe kofuna, ba ta sake fitowa ba.

Aka yi bikinta bayan damina, wana shi ne ma ya yi ta zirga-zirgar raba katin gayyata. Allah ya sa mijin mutumin kirki ne, suna nan tare har yau da 'ya'yansu da jikoki. Shi ma wana ya auri 'yar Zariyarsa. Ba wanda ya kama hannun wani ya kai gaban wani.

Duniya ta yi ta juyawa. Finafinan Hausa, waɗanda suka faro da Turmin Danya a Kano a 1990, suka rungumi salon nan na mutum uku cikin soyayya guda, da waƙa da rawa, har malamai suka yi ta ƙorafi, aka kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001. Daga baya masu fassara irin su Algaita suka sa Indiyawa suna magana da Hausa, aikin tafinta irin na direbanmu ya ƙare. Shi kansa Karan Johar ya fito ya amsa a hirarraki cewa akwai kuskure a yadda fim ɗin ya nuna mace, tun da Rahul bai ga Anjali ba sai da ta bar ƙwallo ta ɗaura sari. Watau abin da Hajiya ta yaba shi ne abin da mai fim ɗin ya dawo yana jin kunyarsa.

Bayan shekara ashirin da wani abu, na kai wa Yaya ziyara, na tarar 'yarta tana kallon fim ɗin nan a waya. Da yarinyar ta fita sai na yi ƙarfin hali irin na taubashi, na ce, "Yaya, murar nan ta 1999 ta warke kuwa?"

Ta yi murmushi ta ce, "Ashe ka gani, ɗan banza." Ta yi shiru, can ta ce, "Kai kana zaton don yayanka na yi kuka? Wataƙila da farko. Amma abin da ya hana ni barci ran nan wani ne. Ka tuna wurin da uwar Anjali ta zaunar da ita bayan baiko, ta tambaye ta ko tana farin ciki? Ita dai an tambaye ta. Ni kuwa kowa a gidan nan yana ƙaunata, an saya mani gado da kwalla da akwati goma, amma ba wanda ya zaunar da ni ya ce, mi ke ranki? Da an tambaye ni, wataƙila wanda na aura ɗin dai zan ce. Amma da na san ni na faɗa."

Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami. Mu da ke jami'a, ɗalibai da malamai, kullum muna gardama a kan ko fim ɗin Indiya ya ɓata tarbiyya ko bai ɓata ba, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa. Amma a falon kawuna mutum biyar suka kalli fim guda, kowa ya ga nasa: kawu ya ga shari'a, Hajiya ta ga natsuwa, Kaka ta ga haƙuri, wana bai ga kome ba, Yaya kuwa ta ga tambayar da ba a yi mata ba. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Sai dai kunyar da za ta hana uwa ta tambayi ɗiyarta, ko wa ya tambayi ƙanwarsa, abin da ke ranta kafin a sa rana, wannan ta tashi daga ado ta koma kaya.

Yau a ajujuwanmu maza da mata suna zaune a benci guda, suna musayar littafi da lambar waya, har yanzu kuwa harshenmu bai ba su sunan da za su kira juna da shi ba tare da an yi musu wani zato ba. Wannan aiki ne da ke jiran 'yan ƙungiyar Hausa. Kafin a samo kalmar, ni dai na yi wa kaina alkawari, ranar da aka zo neman auren ɗiyata, kafin in karɓi goron kowa sai na kira ta ɗaki, na rufe ƙofa, na tambaye ta.

Allah ya sa mu dace, amin. Wassalam.