Sannu Ba Ta Hana Zuwa

Yawancin samari masu sha'awar tseren keke suna zaton ƙarfi ba ya shiga jiki sai an taka har numfashi ya sarƙe. Masana kuwa sun ce ba haka ba ne. Stephen Seiler, wani Ba'amurke mai bincike a ƙasar Norway, ya duba horon manyan 'yan tsere, ya tarar wajen kashi 80 cikin 100 a hankali suke yinsa. Sauran ne kaɗai na gudu mai tsanani.

A Maraɗi akwai wani saurayi mai shekara 18, mai gyaran keke a rumfar babansa. Tun yana yaro yake jin labarin tseren Tour du Faso, wanda aka fara a Burkina Faso a 1987. Da Biniam Girmay na Eritriya ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci koriyar riga a Tour de France a 2024, sai zuciyar yaron ta ƙi kwanciya. Kullum da asuba ya kama hanyar Tibiri da iyakar ƙarfinsa. Bai yi wata guda ba ƙafafunsa suka yi nauyi, barci ya ƙaurace masa, yana gyangyaɗi a rumfa, masu kawo gyara suna komawa. Baban ya ce in aka ci gaba haka, keken zai tafi kasuwa.

Kawunsa, wanda ya yi shekaru yana kai kaya kasuwannin ƙauye a kan keke, shi ya shiga tsakani. Ya ce, "Ɗana, gobe tare za mu fita. Amma hira za ka yi mini duk hanya. In maganarka ta fara yankewa, ka rage."

Yaron ya ce, "Kawu, ai wannan yawo ne."

Ya ce, "To, mu yi yawon."

Tsohon bai karanta littafi ba, amma ma'aunin da ya bayar shi ne masu horarwa suke amfani da shi. Wanda yake so ya ƙara tabbatarwa, ya ɗebe shekarunsa daga 220, ko da yake kimantawa ce kawai. Na yaron ya zama 202. Kashi 60 zuwa 70 na wannan, wato bugu 121 zuwa 141 a minti, nan ya kamata zuciyarsa ta tsaya.

Ga dalili, ya mai karatu. Doguwar tafiya a hankali takan sa zuciya ta tura jini mai yawa a kowane bugu. Ƙananan hanyoyin jini su yawaita cikin tsoka. Jiki kuma ya saba da ƙona kitse, ya yi tattalin sukarin da ke ajiye a tsoka da hanta, wanda gudu mai tsanani kan cinye cikin kamar minti 90. Gini ne, ba a ɗora jinka sai an kafa tushe.

Suka yi mako 12 suna fita sau huɗu a mako, kafin rana ta yi zafi, da gorar ruwa. Suka fara da awa ɗaya, suka kai uku, ranakun hutu kuwa ba a taɓa su. Abin da ya fi damun yaron kunya ce, sa'ad da tsaransa suke wuce shi suna dariya. Ya haɗiye.

A ƙarshen watanni ukun, tafiyar da a dā take sa shi haki sai ga shi yana yinta yana ba da labari. Barcinsa ya dawo, rumfa tana buɗewa a kan lokaci, baban bai sake maganar kasuwa ba. Sa'an nan ne kawun ya yarda masa da gudu, rana ɗaya tak a mako.