Madubin Azurfa Cikin Kwalba

Duk ɗan lise da ke shirin jarrabawar bak a fannin kimiyya ya san dangin nan biyu, aldehid da seton. Formol, wanda asibiti ke adana nama a cikinsa, aldehid ne. Aseton, wanda mata ke goge jan farce da shi, seton ne. Kowannensu na ɗauke da karbon da ya riƙe oksijen da ɗauri biyu, shi ya sa in an ɗiga musu ruwan DNPH dukansu sukan ba da gari ruwan ɗorawa. Nan dai ba a raba su ba.

Bambancin ƙanƙane ne. A jikin karbon ɗin aldehid akwai idrojen guda, seton kuwa ba shi da shi. Ta wannan ƙofa ce aldehid ke karɓar oksijen ya rikiɗe asid, yana sauya abin da aka haɗa shi da shi. Ruwan Tollens, mai sunan wani Bajamushe masani na Göttingen, narkakkiyar azurfa ce cikin amoniyak. In aka ɗumama shi da aldehid, sai azurfar ta kwanta a jikin kwalba, ta zama madubi. Seton ko ya kwana ciki ba ya yin haka. Sai dai ba a ajiye ragowar ruwan, don in ya daɗe yana iya fashewa.

Amma na Hermann von Fehling ya fi taɓa rayuwar talaka. A 1849 ya bayyana ruwansa shuɗi mai jan ƙarfe, wanda in ya tafasa da aldehid yakan koma ja kamar bulon da aka gasa. Gulukoz aldehid ne. Saboda haka shekaru da dama likitoci da wannan launi suka riƙa gane ciwon sukari a fitsarin majinyaci, kafin na'urar da ke auna ɗigon jini ta zo.

Abin takaici ne yaro ya haddace launukan nan daga allo bai taɓa ganin shuɗin ya juye ba. Wanda ya gwada da hannunsa shi zai lura da abin da hadda ke ɓoyewa: sukarin shayi ba ya motsa ruwan Fehling, alhali furuktoz na zuma, wanda seton ne, yana mai da shi ja, domin kaifin ruwan yakan fara juya shi aldehid tukuna.