Muryata a Ƙarƙashin Kujera

Direbobin tirotiro da ke tashi daga Kotobabi suna son sauti, amma kuɗinsu kan babbar sifikar nan mai dum-dum yake ƙarewa. A sayo ta a Abossey Okai, a cusa ƙarƙashin kujerar baya. Wannan ba laifi: sauti mai kauri ba ya zaɓen hanya, duk inda ka ajiye shi sai ya cika motar.

Siririn sauti ne mai wuyar sha'ani. Kai tsaye yake tafiya kamar hasken tocila, buhun doya ma ya isa ya tare shi. A cikinsa kuwa baƙaƙe irin su "s" da "ts" suke. In ƙananan sifikokin ƙafafun fasinja suke kallo, "tsari" da "sari" sun zama ɗaya.

Ni da nake karanta sanarwar rasuwa a rediyo, abin yana damuna. Tsohuwa 'yar Maamobi ta ji "jana'iza", ba ta ji sunan mamacin ba, balle masallacin da za a yi salla.

Malam direba, ɗaga ƙananan nan sama da taga, daidai kunnen mai zaune, ka ɗan karkato su ciki. Kusoshi huɗu ne da guntun waya.