Riko: Inda Na Fara Sanin Darajar Kwabo

A kakar bana na koma Riko, mahaifata a ƙaramar hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, bayan shekaru masu yawa. Ƙamshin harawar da aka jera bisa rumfuna ne ya fara tarbata, nan take ya maido mini da ƙuruciya.

A zamaninmu yaro ba ya miƙa wa mahaifinsa hannu don kuɗin kashewa. Da damina mukan yanko ciyawa mu sayar wa masu tumaki. Idan kaka ta yi, sai mu bi gonakin da aka gama cirar gyaɗa muna kala, mu tara kwano guda mu kai wa matan da ke ƙuliƙuli. Da rani kuwa goruba da aduwa da magarya ne jarinmu.

Babbar rana ita ce Lahadi, ranar kasuwar Jibiya. Fatake kan zo daga Ɗan Isa da Maraɗi, mu kuma mu yi musu dako ko gadin jakuna. Wani ya sallame ka da sule, wato kwabo 10, wani ya ba ka dala, wato sefa 5. A nan na koyi canji tun kafin malamin lissafi ya koya mini rabawa. Abin da na samu asusun ƙasa yake shiga, ba a fasawa sai jajibirin salla. Takalmina na farko daga cikinsa ya fito, kakata tana cewa, "Jikana, abin guminka ba ya ciwo a ƙafa."

Yau labari ya canja. An rufe iyaka a watan Agustan 2019 har zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ciniki ya ja baya. Dajin da muke tsintar goruba kuma tsoron 'yan bindiga ya hana iyaye sakin 'ya'yansu cikinsa.

Ba ina kiran a cire yara daga makaranta a tura su dako ba. Kirana ga hukumomi shi ne su tsare gonaki da hanyoyin kasuwa, domin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Jibiya ya tarar da mutanen da za su amfana da shi. Yaron Riko ma ya cancanci asusunsa.